Preflight na Acrobat Pro: ra'ayina bayan na saba duba fayil da shi kafin a kai madaba'a

Duk wanda yake haɗa zane a kwamfuta yana tura wa masu bugawa ya san wannan ciwon kan. Fayil ya yi kyau tas a sikirin, ka tura hankalinka kwance, aiki ya fito sai ka ga rubutun ya canza kama, ko layi ya tsallake ya koma ƙasa, ko wani akwati mai dishi-dishi ya bayyana a bayan tambari wanda kai ba ka taɓa zana shi ba. Daga nan sai musu, mai zane ya ce injinku ne, 'yan madaba'a su ce fayil ɗinka ne, shi kuma mai aikin yana tsaye yana jiran wanda zai biya kuɗin takardar da ta lalace. A yawancin irin wannan rigimar matsalar tana cikin PDF ɗin tun kafin ya bar kwamfuta, sikirin ne kawai ya rufa mata asiri.

Abin da zan yi magana a kai shi ne kayan binciken da ke cikin Adobe Acrobat Pro a ƙarƙashin Print Production, musamman Preflight, mai binciko matsalolin PDF kafin a buga shi, da 'yan uwansa guda biyu, Output Preview da Flattener Preview. Ra'ayina a taƙaice tun daga farko: a matsayin ido, wato wajen nuna maka abin da ke cikin fayil da gaske, ban ga abin da ya fi shi sauƙin samu ga mai zane ba. A matsayin hannu mai gyara kuwa, sai a yi hattara da shi sosai.

Da farko a sani cewa wannan kaya a Pro kaɗai yake, babu shi a Reader na kyauta, babu shi a Standard. Ya shigo Acrobat tun fitowa ta 6 a 2003, kuma injin da ke aikin a ciki na wani kamfanin Jamus ne da ke Balin mai suna callas, su ne masu pdfToolbox da manyan madaba'u ke amfani da shi, don haka ba abin wasa ba ne aka liƙa don cika menu. A Windows Shift da Ctrl da X ke buɗe shi, kuma gara ka haddace wannan domin in ka ce sai ka bi ta menu za ka sha yawo, ballantana tun da aka canza fuskar Acrobat a 2023 kayan bugu suka ƙara nutsewa can ciki. In ya buɗe za ka ga maɓallai uku a sama, na farko jerin tsare-tsaren bincike ne da aka riga aka haɗa, na biyu mai alamar madubin ƙara girma bincike ne guda-guda, na uku mai alamar sifana shi ne gyara guda-guda. Sakamako kuma kala uku ne, jan kuros kuskure, alwatika rawaya gargaɗi, shuɗi kuma sanarwa ce kawai.

Bari mu fara da font tunda shi ya fi cin mutane. Dalilin da ya sa sikirin ɗinka yake maka ƙarya mai sauƙi ne: font ɗin yana kan kwamfutarka. Ko da ba a cusa shi cikin PDF ɗin ba, Acrobat zai leƙa cikin kwamfutar ya ɗauko shi ya nuna maka komai daidai, kai kuma ka ce ai lafiya lau. Da fayil ɗin ya isa wata kwamfutar da babu wannan font sai a nemo masa madadi, Acrobat yana da wasu guda biyu na cike gurbi, Adobe Sans MM da Adobe Serif MM, masu miƙewa da tsukewa don su cika faɗin harafin asali, shi ya sa wani lokaci rubutun bai motsa daga wurinsa ba amma siffarsa ta zama wata iri, kamar ba naka ba. A injin bugu kuwa yana iya faɗawa font ɗin Courier ko ya ƙi karɓar aikin gaba ɗaya, kuma wallahi ƙin karɓar ya fi alheri.

Hanya mafi sauri ta dubawa ba ta ma buƙatar Preflight, danna Ctrl da D ka shiga shafin Fonts, ko a Reader akwai wannan. Kowane font da ke cikin fayil zai fito a jere, abin da kake nema a gaban sunansa shi ne Embedded ko Embedded Subset. Na biyun yana nufin haruffan da ka yi amfani da su kaɗai aka cusa ba duka font ɗin ba, kuma wannan ba matsala ba ce ga bugu ko kaɗan, a cikin rahoton Preflight za ka ga sunan ya fito da wasu manyan haruffa shida da alamar tarawa a gabansa, irin ABCDEF+ sannan sunan font, to wannan alamar ce ta cewa guntu aka cusa. In a shafin Fonts ka ga suna tsirara ba Embedded a gabansa, a ƙasa kuma an rubuta wani font daban a matsayin wanda ake nunawa a zahiri, tsaya nan kar ka tura.

To me Preflight ya ƙara a kan wannan? Shafin Fonts zai ce maka akwai font da ba a cusa ba amma ba zai ce maka ina yake ba, a littafi mai shafi ɗari biyu kuma ka je ka nemo. Preflight zai jero maka kowane wuri, shafi kaza, kalma kaza, ka danna sau biyu ya kai ka wurin ya zagaye maka shi da ɗige-ɗige, ko ka danna Show in Snap ya ware maka abin shi kaɗai a ƙaramar taga. Sau da yawa abin da za ka tarar ba ma rubutu ba ne, fili ne tsakanin kalmomi ko wata alamar jeri da ta biyo rubutun da aka kwafo daga Word da nata font ɗin, ko wani tambari da aka shigo da shi a matsayin PDF ko EPS yana ɗauke da font ɗin da ba kowa ke da shi ba. Wannan aikin na nuna maka wuri da yatsa shi ne abin da na fi so a kayan gaba ɗaya.

Akwai gyara na cusa font ɗin da ya ɓace, yana aiki, amma da sharaɗi biyu da mutane ke mantawa. Dole font ɗin ya kasance a kan kwamfutar da ake gyaran, ba zai ƙirƙiro shi daga sama ba, sannan dole lasisinsa ya yarda a cusa shi. A cikin kowane font na TrueType ko OpenType akwai wata 'yar alama da mai shi ya sa, wadda ke cewa an yarda a cusa ko an hana, in an hana Acrobat ba zai tsallake ba, kuma irin waɗannan sun fi yawa a cikin font ɗin da ake kwasowa kyauta a intanet ba a san asalinsu ba. Akwai kuma haɗarin suna ɗaya jiki daban, font biyu masu suna iri ɗaya amma fitowa daban-daban, faɗin haruffa ya ɗan bambanta, in aka cusa wanda ba shi ba sai tazara ta rikice. Shi ya sa ni a ganina mai zanen ne ya kamata ya gyara a kwamfutarsa, ba a bar wa madaba'a ba. Kuma kar a yarda da tsohuwar maganar nan cewa Helvetica da Times da Courier ba sai an cusa su ba don wai kowane inji yana da su, wannan zancen zamanin font goma sha huɗu na asali ne da PDF ya yarda a bar su ba a cusa ba, ƙa'idar PDF/X, wato nau'in PDF da aka tsara musamman don bugu, ta ce a cusa kowane font ba togiya.

Wata matsalar da ya kamata duk mai buga rubutu da haruffa na musamman ya sa wa ido ita ce harafin da babu shi a cikin font. Font da yawa masu kyan gani ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, haka abin yake ga harsuna masu ɗigo a ƙasa ko alama biyu a kan wasali. Word zai yi shiru ya aro harafin daga wani font daban, sai ka ga kalma ɗaya harafi guda ya fi sauran kauri ko ya fi su tsayi, wasu manhajojin kuma su bar maka akwati fanko. Preflight yana kama na biyun, wato inda rubutu ya faɗa kan akwatin nan na babu-harafi. Na farkon kuwa ba zai ɗauke shi kuskure ba tunda a wurinsa font ne kawai aka cusa lafiya, kai ne za ka lura cewa a jerin akwai wani font da ba ka taɓa zaɓa ba, ka bi sawunsa. Maganin tun daga tushe ne, ka zaɓi font mai cikakkun haruffa irin Charis SIL ko Gentium ko Andika ko dangin Noto na Google, ka gwada manya da ƙananan haruffan, da mai kauri da mai karkata, kafin ka yi nisa da aiki.

Yanzu maganar da na san za a yi min musu a kai, mai da rubutu zane, abin da 'yan CorelDRAW ke yi da Ctrl da Q, 'yan Illustrator kuma da Create Outlines. Madaba'u da yawa har yau cewa suke a mai da komai zane kafin a kawo, kuma na gane dalilinsu, in babu font babu matsalar font. Ga tambari ko babban kanu ko allon talla ban da ja. Amma ga ƙaramin rubutu mai yawa asara ce. A cikin font akwai umarni na musamman da ke gaya wa inji yadda zai zaunar da harafi a kan ɗigogi in ya yi ƙanƙanta, da ka mai da shi zane wannan umarnin ya tafi, sai rubutun ya fito ya ɗan yi kauri, ya fi bayyana a injin da ba shi da kaifi sosai. Fayil ya yi nauyi, ba a iya neman kalma a ciki, ba a iya gyara ko waƙafi ɗaya. A InDesign ma abin ya fi muni domin in ka yi hakan jan layin ƙarƙashin kalma da alamomin jeri da lambobin da manhajar ke sawa da kanta suna iya ɓacewa. In har madaba'a ta nace, a nan Preflight ya yi rawar gani: yana da gyara na mai da font zane a kan PDF ɗin da aka riga aka fitar, don haka asalin aikinka yana nan da rubutunsa mai rai, kwafin da za ka tura kawai ka mayar, kuma babu abin da zai faɗi a hanya. Wannan ya fi a yi a cikin manhajar zane nesa ba kusa ba. A gefe guda, masu tsofaffin font na Type 1 su sani Adobe ta daina tallafa musu a manhajojin zane tun Janairun 2023, amma waɗanda aka riga aka cusa cikin PDF suna nan suna buɗewa suna buguwa yadda suke.

Sai shara-shara, wato duk abin da ake hango na bayansa ta cikinsa. Mutane da yawa za su rantse ba su sa ba, alhali inuwar da ka sa a bayan hoto shara-shara ce, gefen da ka laushe ya narke shara-shara ne, haske mai walƙiya a kewayen rubutu, Multiply da sauran hanyoyin cakuɗa kala, hoton PNG ko PSD da aka cire wa baya, duk su ne. Asalin rikicin tarihi ne. Harshen PostScript da injinan bugu suka daɗe suna ji bai san shara-shara ba sam, a wurinsa abu ko ya rufe na ƙasa ko babu shi. PDF ma haka yake har fitowa ta 1.3, sai a 2001 da PDF 1.4 ya zo tare da Acrobat 5 aka shigo da ita. Don haka duk lokacin da fayil zai bi ta tsohuwar hanya, ko ka adana shi a EPS, ko ka fitar da shi a PDF 1.3, dole a baje shara-sharar, abin da ake ce wa filatin.

Filatin ɗin nan yanka ne. Manhajar za ta duba duk inda abubuwa suka hau kan juna ta yayyanka wurin gutsi-gutsi, kowane gutsi ta lissafa kalar da ido zai gani ta zuba masa ita a daskare, inda lissafin ya yi mata yawa ta mai da wurin hoto, sannan ta jera su gefe da gefe kamar tayil a daɓe. In ka buɗe Flattener Preview ka danna Refresh, shafin zai koma toka-toka, abin da yankan zai shafa kuma ya yi ja. A nan ne za ka ga abin mamaki, 'yar inuwa ɗaya a kusurwar hoto ta jawo rabin sakin layin da ke kusa ya yi ja, saboda akwatin inuwar ya fi abin da ido ke gani faɗi kuma rubutun yana ƙarƙashinsa a jerin hawa. Abin da zai faru a takarda shi ne haruffan da suka shiga akwatin za su zama zane ko hoto su yi kauri, na wajen akwatin su zauna yadda suke, a layi ɗaya, wani lokaci a kalma ɗaya. Maganin bai kai ya kawo ba, ka koma manhajar zane ka ɗaga rubutu gaba ɗaya zuwa shimfiɗar da ta fi kowacce sama. Amma in ba ka ga jan nan da idonka ba ba za ka san akwai abin ɗagawa ba.

In dole ne a yi filatin, a zaɓi saitin High Resolution, shi ne mai barin ma'aunin a 100 wajen zane, wato kar a mai da zane hoto sai dole, rubutu da layi a ɗigo 1200 a kowane inci, inuwa da kala mai narkewa a 300. Kuma a yi a kan kwafi, don in ka baje ka adana babu komawa.

Fararen layukan nan sirara da ke fitowa a PDF bayan filatin suna tsorata mutane ba gaira ba dalili. Yawancinsu a sikirin kaɗai suke, wajen laushe gefen kowane gutsi ne haske ke ɗan leƙowa a mahaɗa. Gwajin da nake yi: ka ƙara girman shafin sosai, in layin ya ɓace ko ya koma wani wuri ko kaurinsa bai ƙaru ba duk girman da ka ƙara, na sikirin ne. In yana ƙara kauri tare da shafin, to da gaske akwai rata a wurin. Ko ka shiga Preferences, Page Display, ka cire alamar Smooth line art ka ga ko za su tafi. A filet mai kaifi, wato farantin da injin bugu ke buga kowace kala da shi, ba sa fitowa. Inda suke zama gaskiya shi ne in wani ya ɗauki wannan PDF ɗin ya buɗe shi a Photoshop ya mai da shi hoto, a nan layin ya zauna daram.

Wadda ta fi cin kuɗi ita ce haɗuwar shara-shara da kala ta musamman irin ta Pantone. In inuwa ta hau kan irin wannan kala aka yi filatin, manhajar ba ta iya narkar da su wuri ɗaya tunda kowacce filet ɗinta daban, sai ta dogara da obafirin, wato a bar tawada ta hau kan tawada maimakon a huda mata gurbi. In injin ya mutunta wannan umarnin komai lafiya. In bai mutunta ba sai farin akwati ya fito a inda inuwa take. A injinan dijital kuma akwai ɗan'uwan wannan, inda kalar da ke kewaye da inuwar take bambanta kaɗan da sauran bangon har siffar akwatin ta fito, saboda injin ya sarrafa ɓangaren da ya zama hoto daban da ɓangaren zane. In aikin kala huɗu ne kawai, ka mai da kalar musamman ɗin CMYK, wato tawadar bugu huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, tun kafin filatin, Ink Manager na Acrobat yana yi, Preflight ma zai gaya maka filet nawa ke cikin fayil, in ka ga biyar alhali kuɗin huɗu aka yi ciniki ka san akwai magana.

A nan akwai saitin da nake ganin bai kamata a bar shi yadda ya zo ba. A Page Display, Use Overprint Preview yana zuwa ne a kan fayil ɗin PDF/X kaɗai, ni dai Always nake mayar da shi, har a Reader akwai wannan zaɓin kuma ya kamata a gaya wa duk wanda zai sa hannu a kan aiki. Dalili shi ne farin rubutu da aka sa wa obafirin. A bugu fari ba tawada ba ne, takardar ce aka bari, to in ka ce babu ta hau kan kala me zai fito, babu. A sikirin rubutun yana nan fari sol a kan shuɗi, a takarda ya ɓace ɗungurungum. Yakan faru in an ɗauki baƙin tambari mai obafirin aka canza masa kala zuwa fari. Preflight yana kama wannan nan take, kuma ko don shi kaɗai ya cancanci a riƙa gudanar da shi a kan kowane fayil.

Duk wannan dogon bayanin na filatin, hanya mafi tsabta ita ce kar a yi shi sam. PDF/X-1a na 2001 ya hana shara-shara kuma CMYK da kala ta musamman kaɗai ya yarda da su, PDF/X-3 na 2002 ya buɗe ƙofa ga RGB, wato kalar sikirin, in tana ɗauke da bayanin kala, amma shi ma ya hana shara-shara, sai PDF/X-4 da ya zo a 2008 aka sabunta shi a 2010, shi ya yarda a bar ta da ranta injin madaba'a ya warware ta a minti na ƙarshe da cikakken kaifinsa. Tun 2006 da Adobe PDF Print Engine, manhajar da ke karanta wa injin bugu PDF, ya fito injina ke iya wannan, takwaransa Harlequin ma haka, kuma ƙa'idojin Ghent Workgroup, ƙungiyar masana harkar bugu, na 2015 a kan X-4 aka gina su. Don haka tambaya ta farko ga madaba'a ita ce wanne suke karɓa. In sun ce X-4, ka huta. In sun ce X-1a, ba laifi, ka fitar da shi kai tsaye daga manhajar zane ka duba da Flattener Preview da Output Preview. Abin da ba na so shi ne a fitar da PDF sannan a sake buga shi zuwa wani PDF ta hanyar firinta ta bogi don wai a wanke shi, wannan yana baje komai ba tare da ka zaɓi yadda za a baje ba, yana iya canza kala, yana zubar da bayanin girman yanka. Sannan a InDesign a tabbata Transparency Blend Space yana kan CMYK in aikin bugu ne, in ba haka ba shafin da ke da inuwa zai iya fita da kala daban da maƙwabcinsa da babu.

Output Preview kuwa, ka buɗe shi ka ɗora linzami a kan baƙin rubutu ka kalli lambobin da ke gefe, wato kason kowace tawada. Abin da kake so ka gani shi ne sifili, sifili, sifili, sai baƙi 100. In rubutun daga RGB ya taso, irin na Word ko hoton sikirin, za ka ga wani abu kamar 75, 68, 67, 90, ma'ana za a buga ƙaramin harafi da tawada huɗu, in filet ɗaya ya goce da ƙyas sai gefen haruffa ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Ko ka cire alamar baƙin filet kawai, in rubutu ya ɓace gaba ɗaya daidai ne, in inuwarsa ta rage a sauran kaloli akwai gyara. A ƙasa akwai ma'aunin jimillar tawada, ka sa iyakar da madaba'a ta ba ka, galibi wajen 300 ga takarda mai sheƙi, 240 ga ta jarida, duk inda ya haura zai haska maka. Kalar Registration kuwa 400 ce cif, wato 100 na kowace tawada huɗu, ta alamomin saiti ce, ba a zane da ita.

Sauran abubuwan yana yinsu ba hayaniya, rarar gefe ta milimita 3, wato ƙarin zanen da ke wuce bakin yanka, akwatin yanka, siririn layin da kaurinsa bai kai point 0.25 ba, hoton da kaifinsa ya gaza.

Inda nake da ƙorafi. Na ɗaya, harshensa na injiniyoyi ne, saƙon kuskure zai fito da kalmomin da sai wanda ya karanta ƙa'idar PDF zai gane, ba ya ce maka wannan zai ɓata aiki wancan kuma ba komai. Sabon shiga zai ga gargaɗi rututu ya rikice, ko ya saba da su har ya daina karantawa, wanda ya fi haɗari. Na biyu, maɓallin Analyze and fix yana zaune dab da Analyze, kuma yana da daɗin dannawa. Zai juya maka RGB zuwa CMYK da tsarin kalar da ke cikin wannan bincike ba lallai wanda madaba'arka ke aiki da shi ba, zai baje shara-shara, ya ba ka koren alama, kai kuma ba ka ga abin da ya canza ba sai ka kwatanta da na asali shafi-shafi. Gyaran rarar gefe ma madubi yake yi wa bakin hoton ko ya ja ɗigogin ƙarshe, a kan sararin sama ko bango mai kala ɗaya ba a ganewa, a kan fuska ko rubutu kuwa abin ba ya kyau. Na uku, koren alama ba ta nufin aiki ya yi. Hoton da aka kumbura daga ƙarami aka ce masa ɗigo 300 a kowane inci zai wuce bincike lafiya alhali dishi-dishi ne, lambar wayar da aka rubuta ba daidai ba za ta wuce, rubutun da ya matse bakin yanka zai iya wucewa. Sannan ga nauyin kuɗi, tunda yawanci biyan wata-wata ko na shekara ne, ga wanda ke tura aiki jefi-jefi yana da wuya ya ga ribarsa.

Ga irin wannan mutumin akwai mafita. InDesign yana da nasa binciken mai aiki kana cikin zane tun CS4, Affinity Publisher yana da shi, Scribus na kyauta yana da Preflight Verifier kuma yana fitar da PDF/X, CorelDRAW ma yana nuna gargaɗi a tagar fitar da PDF. Sai dai duk waɗannan aikin da ke cikin manhajar suke dubawa, ba PDF ɗin da ya fita ba, kuma PDF ɗin ne zai je inji. Don duba font kaɗai akwai pdffonts na Poppler, kyauta, layi ɗaya za ka rubuta ya jero maka kowane font da eh ko a'a a gaban cusawa. Madaba'ar da ke karɓar fayil daga hannu daban-daban kullum kuma za ta so ta ƙara da Enfocus PitStop Pro, wanda a cikin Acrobat ɗin yake zama kuma ya fi ƙarfi wajen gyara abu da hannu.

Amma ga mai zanen da bugu ne sana'arsa, ina ba da shawararsa ba tare da jan ƙafa ba. Ka roƙi madaba'arka ta turo maka tsarin bincikenta in tana da shi ka shigo da shi, in babu ka kwafi ɗaya daga cikin na PDF/X-4 ka rage shi zuwa abubuwan da suka shafe ka, font, farin obafirin, yawan filet, baƙi mai kala huɗu, jimillar tawada, rarar gefe, ka cire duk gyaran da ke ciki ya zama bincike zalla. Daga menu na Options za ka iya mai da shi Droplet, wato 'yar alama a fuskar kwamfuta da za ka jefa fayil a kai ta ware masu lafiya da masu matsala a folda daban-daban. Rahoton da yake fitarwa a PDF, mai nuna kowace matsala a kan shafinta, ka haɗa shi da aikin in za ka tura, ko in kai ne mai karɓa ka mayar wa mai zanen da shi ya ga wurin da idonsa.